Darasi Daga Rayuwar Muhammad Rafi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in ja hankalin samarinmu masu raina sana'a, da mawaƙanmu masu ɗaga kai da zarar sun yi suna.

Duk mai kallon fim ɗin Indiya ya sha jin muryar Muhammad Rafi. An haife shi a 1924 a ƙauyen Kotla Sultan Singh, yankin Punjab. Yana yaro yake kwaikwayon wani mabaraci mai yawo yana waƙa. Da suka koma Lahore, aski ya kama a shagon gidansu. A 1944 ya tafi Bombai, ya yi ta fama har fim ɗin Baiju Bawra na 1952 ya ɗaukaka shi.

To jama'a, duk da haka ba ya shan giya, kuma mai shirya fim in ba shi da ƙarfi, yakan yi masa waƙa a kuɗi kaɗan. Da ya rasu a 1980, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, dubban mutane suka raka gawarsa.

Ni dai ina ganin wanda ya raina aska da fartanya, ko ya samu suna ba zai iya riƙe shi ba. Allah ya sa mu gane.

Naku,
Wani manomi daga Funtua.