W. Arthur Lewis

Sir William Arthur Lewis (23 ga Janairu, 1915 – 15 ga Yuni, 1991) masanin tattalin arziki ne ɗan tsibirin Saint Lucia da ke yankin Karebiyan. An fi saninsa da bayanin da ya yi kan yadda ƙasashe matalauta ke bunƙasa. A shekarar 1979 ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki tare da Theodore Schultz.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Castries, iyayensa kuma malaman makaranta ne. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 7. Ya gama sakandare yana da shekara 14, ya yi aikin akawu, sannan a 1932 ya samu tallafin karatu zuwa Ingila. Burinsa ya zama injiniya, amma a lokacin gwamnatin mulkin mallaka da kamfanonin Turawa ba sa ɗaukar baƙar fata wannan aiki. Don haka ya shiga Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, inda ya samu digirin farko a 1937 da na dakta a 1940. A 1948 ya zama farfesa a Jami'ar Manchester.

Ra'ayinsa kan bunƙasa

A wata maƙala da ya wallafa a 1954, Lewis ya kasa tattalin arzikin ƙasa mai tasowa gida biyu. Na farko shi ne ɓangaren gargajiya, kamar noman ci, inda hannaye suka fi aikin da ake da shi yawa. Na biyu shi ne ɓangaren zamani na masana'antu. Tun da ma'aikata na nan birjik, masana'antu za su iya ɗibarsu daga karkara ba tare da lada ya tashi ba, kuma amfanin gona ba zai ragu sosai ba. Ribar da aka samu sai a sake zuba ta a jari, a ƙara ɗaukar ma'aikata, har rarar ta ƙare, lada ya fara hawa. A ganinsa, babbar tambaya ita ce yadda ƙasar da ke tara kashi 4 ko 5 cikin 100 na kuɗin shigarta za ta kai ga tara kashi 12 zuwa 15.

An soki wannan ra'ayi. Schultz bai yarda akwai manoman da za a cire ba tare da girbi ya ragu ba. A 1970 John Harris da Michael Todaro suka nuna cewa masu barin ƙauye kan tarar da rashin aiki a birni. Duk da haka, masana na amfani da tsarinsa wajen nazarin bunƙasar ƙasar Sin.

Aiki a Gana da sauran wurare

Bayan Gana ta samu 'yanci a 1957, Lewis ya zama mai ba Kwame Nkrumah shawara kan tattalin arziki. Sun saɓa kan kashe kuɗi a ayyukan da Lewis ke ganin siyasa ce ta jawo su, ya bar aikin a ƙarshen 1958. Daga nan ya shugabanci Jami'ar West Indies, ya koma Jami'ar Princeton ta Amurka a 1963. Shi ne shugaban farko na Bankin Raya Karebiyan, daga 1970 zuwa 1973.

Rasuwa

Ya rasu a Barbados, aka binne shi a Saint Lucia, a harabar kwalejin da ke ɗauke da sunansa. Hotonsa na jikin takardar dala 100 ta Gabashin Karebiyan.