Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato: Ɗan Raba Da Ya Gina Ma'aikata Da Masana'antun Arewa

A garin Raba, bakin Gulbin Sakkwato, gabas da birnin Shehu, aka haifi Ahmadu Bello cikin 1910. Mahaifinsa, Malam Ibrahim, shi ne Sarkin Raba, ɗa ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, wanda shi kuma ɗa ne ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mai ribaɗin Wurno, inda aka yi masa makwanci cikin 1837. Ƙasar nan ta Raba da Wurno da Goronyo ƙasar fadama ce, ta shinkafa da albasa da kiwo, inda manomi ya daɗe da sanin cewa babbar gona sai da gayya. Cikin irin waɗannan mutane ya tashi, maraya, domin yana ɗan ƙaramin yaro mahaifinsa ya rasu.

Bayan karatun allo sai aka sa shi makarantar Lardi a Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina cikin 1926. Ya gama cikin 1931, ya komo ya zama malami a Midil ta Sakkwato. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Raba, yana da shekara 24. Aikin hakimi a wancan zamani shi ne ƙidayar masu biyan haraji, da karɓar jangali, da gyaran hanyoyi, da sasanta manoma da makiyaya, kuma babu ɗaya daga ciki da ke yiwuwa sai da haɗin kan dagatai da masu unguwanni.

Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu cikin 1938, Ahmadu yana cikin waɗanda suka nemi gadon, amma Allah ya ba Abubakar na Uku. Sabon Sarkin Musulmi ya naɗa shi Sardauna, aka tura shi Gusau ya duba gundumomi 14 na gabashin ƙasar Sakkwato. Gusau kuwa tashar jirgin ƙasa ce, inda ake tara auduga da gyaɗa ana lodinsu zuwa bakin teku. Yana can cikin 1943 aka tuhume shi game da kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta ɗaure shi, ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi. Daga baya ya komo Sakkwato ya ci gaba da aikin En'e, cikin 1948 kuma ya tafi Ingila koyon sha'anin mulkin ƙananan hukumomi.

Ya shiga Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa cikin 1949, ya zama Ministan Ayyuka cikin 1952, sa'an nan cikin 1954 ya zama shugaban jam'iyyar NPC kuma Firimiyan Jihar Arewa. Abin da ya tarar ba mai daɗin gani ba ne. Jihar ta fi rabin Nijeriya girma, amma manyan kujerun gwamnati suna hannun Turawa, aikin akawu da na jirgin ƙasa da gidan waya kuwa yawancinsu suna hannun mutanen Kudu, saboda makarantun boko sun yi ƙaranci a Arewa. Audugar da talaka ya noma sai a gurje ta a aika Ingila, ta komo masa a matsayin atamfa da akoko, ya saya da tsada. Ga shi kuma mulkin kai ya ƙarato.

Sardauna ya gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka ya fara da zaɓen abokan aiki, ya ba kowa fagensa. Duk da shi ne shugaban jam'iyya, ya zauna Kaduna, ya bar Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe Ikko, har ya zama Firayim Minista cikin 1957. Alhaji Aliyu Makaman Bida ya riƙe baitulmali, Alhaji Isa Kaita ya riƙe ilmi, Muhammadu Ribaɗu ya riƙe tsaro a gwamnatin tarayya, Sa Kashim Ibrahim na Barno kuma ya zama Gwamnan Jihar cikin 1962. Bai tsaya ga Hausa da Fulani ko ga Musulmi kaɗai ba. Michael Audu Buba na Shendam ya yi minista a gwamnatinsa, samari irin su Sunday Awoniyi na Lardin Kabba kuma sun tashi a ofisoshinta.

Daga nan sai ya juya ga horon ma'aikata. Aka tsananta manufar nan ta fifita ɗan Arewa wajen ɗaukar aiki, aka riƙa horar da matasa a Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Zariya domin su karɓi kujerun Di'o-Di'o da Razdan-Razdan, aka aika wasu ƙasashen waje, aka kuma kwaɗaita wa 'yan makarantun sakandare shiga aikin soja. Ran 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe jami'a a Zariya, wadda ke ɗauke da sunansa.

Wajen masana'antu ma hanyar haɗin gwiwa ya bi. Jihar tana da auduga da ma'aikata da kuɗin da Hukumar Ciniki ta tara daga amfanin gona, ba ta da injuna da gwanayen sarrafa su. Saboda haka aka haɗa jari da kamfanin David Whitehead na Ingila, aka buɗe Masaƙar Kaduna a Kakuri cikin 1957. Da aka ga ta tsaya da ƙafafunta, sai wasu suka biyo, har da Masaƙar Arewa wadda mutanen Japan suka sa jari a ciki. Bankin Arewa ya fara aiki cikin 1960, cikin 1962 aka kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna da kamfanin siminti na Sakkwato, jaridar New Nigerian kuma ta fito ran 1 ga Janairu 1966.

Mulkinsa bai rasa masu suka ba. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta zarge shi da dogara ga sarakuna da alƙalai wajen danne 'yan hamayya, mutanen Kudu sun ga manufar ɗaukar aiki ta ware su, ƙasar Tibi ta yi tarzoma cikin 1960 da 1964, murabus ɗin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi cikin 1963 kuma ya bar ɗaci a zukatan Kanawa da yawa.

Daren 15 ga Janairu 1966 sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka faɗa wa gidansa a Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Bai bar dukiya ta a zo a gani ba. Ma'aikatan da ya horar su ne suka riƙe Arewa lokacin yaƙin basasa da lokacin da aka raba ta jihohi shida cikin 1967. A Kakurin nan da aka fara kafa masaƙa, nan kamfanin Peugeot na Faransa ya haɗa gwiwa da Gwamnatin Tarayya ya fara harhaɗa motoci cikin 1975, har 504 ta zama motar ma'aikacin gwamnati a ko'ina cikin ƙasa.

Masaƙar Kaduna ta rufe ƙofa cikin 2002, sauran masaƙun garin ma yawancinsu suka bi sawunta, dubban magidanta suka rasa abin yi. Gine-ginen ba su tafi ko'ina ba. Ƙarancin wutar lantarki da shigowar yadi mai araha daga waje da raunin masu riƙo su ne suka kashe kasuwar. Duk wanda aka ɗora wa nauyin tayar da ma'aikatar da ta durƙushe, ko ɗalibin da ke shirin karɓar irin wannan nauyi, zai sami abin koyi ga Sardauna: ya nemi waɗanda suka iya ko daga ina suka fito, ya horar da waɗanda ba su iya ba, sa'an nan ya sakar wa kowa aikinsa ya kuma bi sawu. Allah ya jiƙan Gamji ɗan ƙwarai, ya kyauta makwancinsa, amin.