Janar Murtala Ramat Muhammad (1938–1976): Sojan Sadarwa Kuma Magidanci

Gabatarwa

Yawancin rubuce-rubucen da aka yi kan Janar Murtala Muhammad sun fi mayar da hankali ne ga watanni shida da rabi da ya yi yana shugabancin Nijeriya. Wannan maƙala ta waiwayi aikin da ya ƙware a kansa, wato fasahar sadarwar soja, da yaƙin da ya yi, da iyalin da ya bari.

Tasowarsa da Horonsa

An haifi Murtala a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Bayan karatun farko a Kano, ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda ake kira Barewa a yau, ya kammala a 1957. Ya shiga aikin soja a 1958, ya sami horo a Sandhurst ta Ingila, aka ba shi muƙamin hafsa a 1961. Ya kuma yi kwas na musamman kan sadarwa a Catterick. Aikin wannan sashe shi ne kafa na'urorin rediyo da wayar tarho da kula da su, domin umarni ya isa ga dakaru cikin lokaci. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango, sannan ya jagoranci sashen sadarwa a Kaduna, daga baya ya zama shugaban sadarwar rundunar sojan ƙasa baki ɗaya.

Fagen Fama

Murtala na cikin jagororin juyin mulkin Yulin 1966. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, aka damƙa masa Runduna ta Biyu, wadda ta ƙwato Benin a watan Satumba. Sai dai tarihin rundunar bai tsira daga tabo ba. A watan Oktoba dakarunta suka kashe fararen hula masu yawa a Asaba, kuma yunƙurin da ya yi ta yi na tsallaka kogin Kwara zuwa Onica ya ci rayukan sojojinsa. A 1968 ya koma sashen sadarwa, a 1974 kuma Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya.

Mulki da Iyali

Ya hau mulki bayan juyin mulkin 29 ga Yuli, 1975. Gaggawar zartar da umarni, wadda aikin sadarwa ke buƙata, ta bayyana a salon mulkinsa. Ya sallami dubban ma'aikata bisa zargin almundahana da sakaci, matakin da wasu manazarta ke ganin ya raunana aikin gwamnati. A Fabrairun 1976 ya mayar da jihohi 19 daga 12, ya kuma tsayar da shawarar ƙaurar da babban birni zuwa Abuja. A nan ne aka sami Jihar Sakkwato, wadda Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suka zauna a cikinta har 1996, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara.

A 1963 ya auri Ajoke, Bayarabiya, suka haifi 'ya'ya shida. Ko da ya zama shugaba, bai koma Barikin Dodan da zama ba, kuma yakan fita ba tare da jerin gwanon motocin tsaro ba. A kan hanyarsa ta zuwa ofis aka harbe shi a Legas, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, a yunƙurin juyin mulkin Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka. Ya rasu yana da shekara 37, ya bar matarsa da ƙananan yara. An yi masa sutura a Kano.

Kammalawa

Mutuwar da ya yi yana kan ganiyarsa ta sa ana yawan tuna shi da yabo zalla. Adalcin da manazarci zai yi masa shi ne ya auna ƙwarewarsa da sauƙin kansa tare da abin da ya faru a Asaba da gaɓar Kwara. Allah ya jiƙansa.