Malam Aminu Kano: Ɗalibin da Ya Fara da Wasan Kwaikwayo

Mu duka mun san sunan Malam Aminu Kano. Akwai filin jirgin sama da babban asibitin koyarwa a birnin Kano masu ɗauke da sunansa. Amma da yawa daga cikinmu a nan Falgore ba mu san cewa tun kafin ya shiga siyasa, marubucin wasan kwaikwayo ba ne. Kuma yana ɗan makaranta ya fara.

An haife shi a shekarar 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne da ya yi aiki a kotun alƙali. Bayan karatun allo, ya shiga elementare ta Shahuci, sannan Midil ta Kano. Daga nan ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda daga baya aka mayar Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yanzu.

A wannan kwaleji ya haɗu da ɗalibai daga lardunan Arewa daban-daban. A nan ya soma rubuta gajerun wasanni da Hausa domin 'yan makaranta su nuna. Bai tafi nesa neman labari ba, abin da yake gani a ƙasarsa shi ya rubuta.

Ɗaya daga cikin wasannin sunansa Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Ya nuna yadda wasu 'yan kasuwa marasa tausayi suke cutar mutanen ƙauye idan sun shigo birni. Wannan ya shafe mu, domin iyayenmu manoma ne, kuma sun san zafin a yi wa mutum wayo a kan amfanin gonarsa. Wani wasan kuma sunansa Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, inda ya taɓo nauyin harajin da ake ɗora wa talakawan karkara. A lokacin Turawa ne ke mulki tare da En'e, kuma ba kowa ke iya buɗe baki ba. Shi sai ya sa maganar a bakin 'yan wasa. Mutane su yi dariya, su koma gida suna tunani.

A 1942 ya fara koyarwa a Midil ta Bauci. Can ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, shahararren marubucin waƙoƙi. Su da wasu malamai da ma'aikata sukan taru su tattauna matsalolin ƙasa, kowa ya kawo hujjarsa. Wannan zama ya ƙara wasa basirarsa. Daga baya har littafi ya rubuta a kan rayuwar Sa'adu Zungur. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

A 1946 ya tafi Landan ƙarin ilmin koyarwa. Bayan ya dawo ya koyar a Maru, sannan a 1950 ya ajiye aiki ya shiga siyasa. Ya jagoranci NEPU, daga baya kuma PRP. A 1979 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta jam'iyyarsa ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Wato abin da ya rubuta yana ɗalibi, sai bayan shekara kusan 40 ya tabbata.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Gidansa na Mambayya da ke Gwammaja yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero.

Abin baƙin ciki, yawancin wasanninsa ba a buga su littafi ba, shi ya sa ba ma samun su mu karanta. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai: mu rubuta abin da muke gani a gona da kasuwa da aji, mu ba juna a karanta a yi mana gyara. Muna kuma roƙon malamanmu su ba mu babban littafi guda da za mu riƙa kwafe rubutunmu a ciki, kada damina ta wanke shi daga jikin bango.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa Aljanna ce makomarsa.