Marconi, Mai Wayar Iska

An haifi Guglielmo Marconi a birnin Bologna na ƙasar Italiya cikin 1874. A zamanin nan saƙon tangarahu iyakarsa inda waya ta tsaya, jirgin ruwa kuwa in ya bar gaɓa sai ta Allah. Wannan matsala ya ɗaura wa ɗamara tun yana saurayi.

Cikin 1896 ya kai na'urarsa Ingila. Ran 12 ga Disamba 1901, yana Newfoundland, ya kara abin saurare a kunne, ya ji alamar harafin S da aka bugo daga Ingila, ƙetaren tekun Atlantika. Ya sami kyautar Nobel cikin 1909 tare da Bajamushe Karl Braun.

Amfanin aikinsa ya bayyana cikin 1912, sa'ad da jirgin Titanic ya nutse. Kiran wayar iska ya jawo jirgin Carpathia, aka tsamo mutum wajen 700.

Sai dai ya bi Mussolini, har ya goyi bayan mamaye Habasha cikin 1935. Ya rasu a birnin Rum cikin 1937. Masuncin Yawuri da ke kiran gida daga tsakiyar tafkin Kainji, gadonsa yake ci.