Malam Sa'adu Zungur, wanda ya faɗa ma Arewa gaskiya cikin waƙa

Cikin mutanen da suka ɗauki waƙar Hausa suka mai da ita makamin gyaran jama'a, da wuya a sami wanda sunansa ya kai na Malam Sa'adu Zungur, mutumin Bauchi a arewacin Nijeriya. Bai riƙe sarauta ba, bai zama minista ba, bai tara dukiya ba, shekarunsa a duniya kuwa ba su kai arba'in da biyar ba. Waƙoƙinsa da suka iso hannunmu ba su da yawa, ɗan ƙaramin littafi guda ya ɗauke su. Amma in masu ilmi sun zauna zancen waƙar siyasa, da shi suke farawa. Ya kamata masu karatun wannan shafi su san shi, domin maganar da ya yi ma mutanen Kano da Zariya da Bauchi da harshenmu ya yi ta, kuma cututtukan da ya ambata ba su san iyakar da Nasara suka shata ba.

An haife shi a Bauchi wajen 1914, cikin gidan malamai masu limanci. Tun yana ƙarami ya sha karatun allo, ya shiga littattafan fiƙihu da nahawu da luga, har Larabci ya zauna masa a baki. Sa'an nan aka sa shi makarantar boko, wadda mu nan muke ce ma lakwal. A 1929 ya shiga Kwalejin Katsina, inda ake horon malaman makaranta na Arewa duka. A wannan kwaleji Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kusan zamani guda da shi. A 1934 aka tura shi babbar kwalejin Yaba a Legas, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga can. Bai zauna ya ƙare ba. Ya komo Kano ya shiga makarantar koyon tsabta da kiwon lafiya, ba a daɗe ba ɗalibi ya zama malami. Daga nan ya koma Zariya yana koyarwa a makarantar haɗa magunguna.

Watau tun bai cika shekara talatin ba ya riga ya haɗa ilmi biyu da ba safai suke zama cikin kai guda ba a wancan zamani. Malaman zaure ba su iya ce masa bai san addini ba, Nasara kuma ba su iya ce masa bai san duniya ba. Wannan shi ne tushen ƙarfinsa, shi ne kuma ya sa ya zame ma kowa ƙaya.

A Zariya ya fara tara matasa ƴan boko suna muhawara a kan al'amuran ƙasa, a nan kuma ya haɗu da wani saurayi mai koyon aikin malanta, Aminu Kano, wanda ya riƙe shi malami har ƙarshen rayuwarsa. Amma ciwon huhu ya kama Sa'adu, ya tilasta masa ajiye aiki ya koma gida Bauchi. Ciwon nan bai sake shi ba har ya kai shi kabari.

Kafin mu ci gaba, sai mun yi ma mai karatu bayanin yadda mulki yake can a lokacin, gama ya bambanta da namu. Nan wajenmu Faransawa sun rage ma sarakuna ƙarfi ƙwarai, kwamandan ne mai yanke magana. Ingilishi kuwa sun bar ma manyan sarakunan Arewa kotu da ƴan doka da gidan yari da baitulmali, su suna tsaye daga baya suna ba da umurni. Wannan tsari shi ake kira En'e. Talakan da aka zalunta ba shi da inda zai kai kuka, domin mai karɓar haraji da alƙali da mai tsaron kurkuku duk bayin gida guda ne, Bature kuma ya ce shi ba ya shiga tsakanin sarki da mutanensa.

A 1943 aka buɗe wani zauren tattaunawa a Bauchi, da yardar hukuma, inda ƴan boko da ma'aikatan En'e da Turawa suke zama su yi musayar ra'ayi. Sa'adu da Aminu Kano, wanda aka kawo shi koyarwa a makarantar midil ta garin, da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk suna ciki. Hukuma ta zaci hira za a yi ta ilmi a watse. Sai ga shi ana tambayar amfanin mulkin En'e kansa, har aka kai ga tambayar abin da ake dubawa wajen yanka ma sarki albashi. Ba a jima ba aka rufe zauren. Sa'adu ya kafa wata ƙungiya ta neman ci gaban Bauchi, wadda ake lissafa ta cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa, yana kuma aika labarai zuwa jaridar Nnamdi Azikiwe a Legas.

To, amma jarida mutum nawa ke karanta ta? A wancan lokaci masu iya boko a Arewa ƴan kaɗan ne, masu jin Ingilishi kuwa ba su taka kara sun karya ba. Sa'adu ya san hanyar da magana take bi ta shiga gida-gida a ƙasar Hausa. Mutum guda ya karanta waƙa, goma su hardace, ɗari su ji ta a bakin kasuwa ko ƙofar masallaci. Hanyar nan ba sabuwa ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, cikin ƙasarmu ta yau, da ƙanensa Abdullahi da ƴarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da makiyaya da matan kulle. Abin da Sa'adu ya yi shi ne ya ɗauki wannan tsohon kwano na wa'azi, da ma'auninsa da amsa-amonsa, ya zuba masa zancen zamani: majalisa, zaɓe, jahilci, ƴanci.

Waƙar Bidi'a ita ta fi kusa da wa'azin da aka saba. A cikinta ya bi al'adun da mutane suka cusa cikin addini, da camfe-camfe da tsafe-tsafe, yana auna su da sunna yana zubarwa. Maraba da Soja kuwa ya yi ta ne domin tarbon sojojin da suka komo daga yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, bayan sun yi faɗa har ƙasar Bama. A sama yabo ne da barka da zuwa, amma a ƙarƙashi akwai tambaya mai nauyi. Mutanen nan an ce musu sun je kare ƴanci ne, to wane ƴanci suka tarar a gida? Ya nuna cewa ƴancin da bai raba mutum da fatara da zalunci ba, suna ne kawai. Dattawanmu da suka yi soja ƙarƙashin tutar Faransa sun san wannan tambaya, gama sai a 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa take mulki.

A 1948 Sa'adu ya tafi Legas ya zama babban sakataren jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, abin da ya ba mutanen Arewa mamaki ƙwarai. Ya shiga ne da zuciya ɗaya, yana ganin Kudu da Arewa za su haɗa kai su kori mulkin mallaka. Zaman Legas ya sanyaya masa jiki. Ya ga yadda waɗansu ƴan siyasa da jaridun Kudu suke raina Arewa, ya kuma ga irin nisan da Kudu ta yi mata wajen makarantu da ma'aikata. Daga cikin wannan damuwa babbar waƙarsa ta fito, wajen 1950, lokacin da ake gardamar sabon tsarin mulkin Nijeriya: Arewa Jumhuriya ko Mulukiya.

Sunan waƙar tambaya ne. Shin Arewa za ta zama jamhuriya, ba sarki, ko za ta zauna ƙarƙashin sarauta? Wanda ya san faɗan Sa'adu da En'e zai ɗauka jamhuriya zai zaɓa. Ba haka ya yi ba. Ya tsaya ga sarauta, amma sarauta mai majalisa da shawara da doka, irin ta Ingila, wadda take tsaye bisa adalcin da Shehu ya yi jihadi dominsa. Ya ja kunnen sarakuna da abin da ya faru a Indiya. Can akwai sarakuna fiye da 500 waɗanda Ingilishi suka riƙe kamar yadda suka riƙe na Arewa, da ƙasar ta sami mulkin kai a 1947 sai aka haɗiye ƙasashensu ɗaya bayan ɗaya, a 1950 ta zama jamhuriya. Gargaɗin a fili yake: in ba ku gyara da hannunku ba, za a gyara muku da hannun wani, kuma gyaran ba zai yi muku daɗi ba.

Da a nan ya tsaya, da waƙar ta tsufa tare da gardamar da ta haife ta. Abin da ya raya ta shi ne bai bar talakawa da malamai sun tsira ba. Ya juyo kan jama'a ya lissafa musu abin da yake gani a titi: bara ta zama sana'a, karuwanci da daudanci a fili, roƙo da tumasanci a ƙofar masu mulki, zaman banza, ƙin sa yara makaranta. Ya ce muddin waɗannan suna nan, Arewa za ta sha kunya ranar da aka zauna rabon ƙasa, ba kuwa wanda ya jawo mata sai ita kanta. Maroƙi yakan yabi wanda zai ba shi riga, ɗan siyasa yakan yabi wanda zai ba shi ƙuri'a. Sa'adu ba ya neman ko ɗaya, shi ya sa ya iya ɓata ma Bature da sarki da talaka rai cikin waƙa guda.

A ganina ya tsananta ma makaɗa. Ya ɗauke su duka ƴan amshin shatan fada, masu cinye dukiyar jama'a da baki. Akwai irin waɗannan, ba musu. Amma zamani ya nuna cewa mai kuntigi ma yana iya ɗaukar kukan talaka. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi ma karen mota waƙa, ya yi ta auren dole, ya kai irin wannan saƙo inda takarda ba ta taɓa shiga ba.

Waƙar ba ta wuce ba tare da amsa ba. Mudi Sipikin na Kano ya mayar masa da martani da tasa, Arewa Jumhuriya Kawai, yana ganin sarauta ta wuce gyara. Wannan musayar ta buɗe ƙofa. Cikin shekarun 1950 waƙa ta zama babban makamin jam'iyyu a Arewa, mawaƙa irin su Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu suna yi ma NEPU, waɗansu suna yi ma NPC ta Sardauna, ana rerawa a wurin taro kafin shugabanni su yi jawabi. Ba duka ne suka riƙe mutunci irin na Sa'adu ba, da yawa sun gangara zuwa zambo da cin zarafi.

Shi kansa yana cikin waɗanda suka halarci kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, tun tana ƙungiyar al'adu. Da ta karkata wajen sarakuna, zuciyarsa ta koma ga NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, wadda kuma Aminu Kano ya shugabanta daga baya. Da Hausa ana kiranta Jam'iyyar Neman Sawaba. Kalmar nan ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita ce sunan da jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauka a 1958, kuma da aka haramta ta a 1959 da yawa daga cikin mutanenta Kano suka nufa, wajen ƴan NEPU.

Shekarunsa na ƙarshe a Bauchi ya yi su, yawanci a kwance. Jiki ya ƙi, amma ƴan siyasa da ɗalibai ba su daina zuwa neman shawara ba, shi kuma bai daina rubuta wasiƙu da ƙorafi zuwa ga hukuma ba. Ya rasu ran 28 ga Janairu 1958, saura shekara biyu da ƴan watanni Nijeriya ta sami mulkin kai.

Abin da ya hango bai daɗe ba ya fara aukuwa. A 1963 Nijeriya ta zama jamhuriya, a shekarar kuma gwamnatin Arewa ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus. A Janairun 1966 soja suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. A 1967 aka yanka Arewa jiha shida, sa'an nan aka karɓe kotuna da ƴan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rufe littafin En'e. Sarauta ta tsira da rawani da girma, iko ya koma wani hannu. Bara da yawon yara ba makaranta kuwa, waɗanda ya fi yi ma kuka, ba su bi En'e sun tafi ba, can da nan.

A 1974 Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da littafi a Zariya a kan rayuwarsa da waƙoƙinsa, tare da fassara zuwa Ingilishi. A gidan Mambayya na Kano, inda Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983, babban zauren taro sunan Sa'adu Zungur aka sa masa.