Ibrahim Narambaɗa: makaɗin kotso da ƴan amshinsa

Daga Maraɗi zuwa Tsibiri da Jiratawa, da wuya ka sami dattijon da bai san muryar Ibrahim Narambaɗa ba, ko da yake ya rasu tun wajen 1960.

An haife shi a ƙarshen ƙarni na 19 a ƙauyen Tubali, cikin ƙasar Isa, a Najeriya ta yanzu. Mahaifinsa, Maidangwale, ɗan dambe ne. Kiɗa kuwa ta wajen uwa ya gaje shi. Laƙabinsa ya samo asali daga wata karyarsa mai suna Rambaɗa.

Da kiɗan noma ya fara, yana zuga manoma a gona, kafin ya koma waƙar sarauta. Ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, kuma a wannan fada ya yi yawancin waƙoƙinsa, har da Bakandamiya, wadda ake ɗauka a matsayin gagarabadau cikinsu.

Ga mutanen Maraɗi, wannan sarauta tana da tarihi. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri a 1836. A Isa kuwa, zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce ke riƙe da sunan Sarkin Gobir. Ke nan Narambaɗa ya yi wa gidan da ya ci Gobir da yaƙi waƙa, amma jikokin waɗanda aka ci suna saurarensa, domin Hausar da ya yi waƙa da ita ta yi kusa ƙwarai da tasu.

Sai dai ba shi kaɗai ke waƙar ba. Shi ne jagora: yakan ɗauko ɗan waƙa, ƴan amshi su karɓe, su ƙarasa da murya ɗaya, su koma kan gindin waƙar, kotso na tafiya a ƙarƙashi. In ɗaya ya yi jinkiri, waƙar ta karye. Ba takarda, ba rubutu, komai a ka yake.

Faifan da aka naɗa sun tsira, yau har a wayoyin salula ake jin su. Amma sunan mutum ɗaya ke kansu. Duk wanda ya sake saurare, ya kasa kunne ga masu amshin: rabin aikin nasu ne.